Tambayoyina ne suka cinye magazar Babana

Edita, ina gaishe ka da masu karatu, kuma ina roƙon a sakaya sunana, don waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu ma kullum sai mun gaisa. A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta jami'a a nan Maraɗi, ina karanta yadda ake tafiyar da kamfanoni da sha'anin kuɗinsu. Gidanmu yana Tsibiri. Da safe nakan hau bayan babur ɗin Babana mu shigo birni tare, da yamma in nemi kabu-kabu in koma. Tun ina ƙarama an san ni da tambaya. Innarmu takan ce ko tukunya aka rufe sai na buɗe na leƙa, ko da ni na zuba abin da ke ciki da hannuna. A lakwal, wato makarantar boko, malamai suna sona saboda wannan hali, a gida kuwa korata ake yi daga hirar manya. Da na shiga jami'a na tarar har maki ake ba mutum don ya yi tambaya, sai na ce to, ai na iso gida.

Sai na faɗi ko wane ne Babana kafin a gane abin da na yi. Babana yaron wani Alhaji ne, babban ɗan kasuwa mai shigo da takin zamani da iri daga Najeriya, yana kuma sayen tattasai da alkama da masara a hannun manoman rani na Jiratawa ya fitar. In an ce yaro a kasuwar Maraɗi ba ƙaramin mutum ake nufi ba, Babana a lokacin gemunsa ya yi fari. Tun kafin a haife ni yake riƙe wa Alhaji magaza guda, wato babban shagon ajiye kaya, a gefen babbar kasuwa. Shi ke buɗewa, shi ke rufewa, makullan a ƙarƙashin matashinsa suke kwana. Al'adar gidan ita ce in yaro ya daɗe yana hidima da gaskiya, maigida ya sallame shi, ya ba shi shago da jari ya tsaya da ƙafarsa. An sallami waɗanda suka riga Baba shiga gidan, kuma a shekarar nan Alhaji ya faɗa da bakinsa a gaban mutane cewa in an kwashe tattasai, magazar ta zama ta Baba har da abin da ke cikinta. Ban taɓa ganin Babana cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Har gwangwanin fenti shuɗi ya saya ya ajiye a bayan ƙofar ɗakinsa, wai zai sabunta ƙyauren magaza ranar da ta zama tasa. Inna ta yi ta tsokanarsa, tana cewa ango ma bai kai shi ɗoki ba.

Ni kuma a jami'a abin da ke gabana shi ne kundin ƙarshen karatu. Duk wanda ya yi wannan rayuwa ya san yadda shekarar ƙarshe take. Muna cin shinkafa da wake a tsaye, muna kwasar darasi cikin zafin da takarda ke manne wa mutum a hannu, muna jiran kuɗin bursi, wato tallafin karatu na gwamnati, kamar masu jiran damina, sannan mu taru a gindin bishiya ana dafa shayi kowa na kukan malamin da ke duba masa kundi. Ni ban yi kuka da nawa ba. Mushe muke ce masa, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, mutum ne siriri mai gilashi, ofis ɗaya yake rabawa da abokan aikinsa, teburinsa kullum cike da kundayen ɗalibai har ba ka ganin fuskarsa sai ka leƙa ta gefe. Aiki ya yi masa yawa, amma in ka kawo masa tambaya mai kyau sai ya manta da lokacin cin abinci. Shi ya ba ni batun da zan bincika, wato abin da ke sa kamfani ya zaɓi inda zai samo kuɗin aiki. Ya ce littattafai sun nuna kamfani yakan fara da ribarsa, in ba ta isa ba ya je banki, in ta ƙure ya nemi abokin tarayya. Amma shi tun zuwansa Maraɗi abu ɗaya ke ɗaure masa kai. Yana ganin alhazai suna tura manyan motoci shaƙe da kaya, alhali da yawansu ba sa taka ƙofar banki neman rance, kuma riba kaɗai ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. To daga ina jarin yake fitowa? Ya ce ɗalibai da dama ya tura kafin ni, kowa ya dawo masa da amsa ɗaya, wai Allah ne ke bayarwa. Da na ce masa Babana yaron Alhaji ne, wallahi sai da ya miƙe tsaye daga kujerarsa.

Tun daga ranar tambayar ta shige ni. Na girma ina cin abincin gidan Alhaji, kayan sallarmu daga can suke zuwa, amma ban taɓa tunanin inda kuɗin ke fitowa ba. Yanzu kuwa ko buhun taki na gani a kan amalanke sai in ce a raina, wannan kuɗin wa ya saye shi?

Na fara da Alhaji kansa. Wata safiya na bi Baba zuwa gaisuwa a zaure, na durƙusa, Alhaji ya yi mini barka da zuwa yana kirana ɗiyarsa ta boko. Na yi masa bayanin kundina, na tambaye shi daga ina yake samun jarin da yake juyawa. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, mutanen zauren ma suka taya shi. Ya ce jari na Allah ne, shi mai tsaro ne kawai, sannan ya sa aka ba ni lemo da kuɗin kabu-kabu. A hanya Baba ya rage gudu ya ce mini irin wannan tambaya ba a yin ta, kada in ƙara. Na ce don me? Ya ce ba a yi, shi ke nan. Ni kuwa a duniya ba abin da ke tayar mini da ƙaiƙayi kamar a ce mini ba a yi, a ƙi faɗa mini dalili. A raina na ce tsofaffi ne, komai sai sun mai da shi sirri.

Da na kai wa Mushe labari bai yi mamaki ba. Ya ce in mai abu ya ƙi magana, mai bincike yakan tambayi waɗanda ke kewaye da shi, masu ba shi kaya da masu sayar masa da masu hulɗa da shi, daga nan a harhaɗa hoton. Amma ya ƙara da cewa in nemi yardar Alhaji tukuna, kuma in yi tambaya a kan ƴan kasuwa gaba ɗaya, kada in kama sunan mutum. Ina faɗin wannan don kada a ɗora masa laifi. Ya faɗa, na ji da kunnena. Rabin farko na ɗauka, rabin na biyu na bar shi a ofishinsa, don na san in na nemi yardar Alhaji dariya zai sake yi, a sake ba ni lemo.

Jiratawa na fara zuwa. Na tarar da manoma a inuwa bakin hanyar ruwa, tattasai ya fara ja a gonaki. Da farko sun yi mini kallon ma'aikaciyar gwamnati, ba wanda ya so buɗe baki. Sai na ce ni ɗiyar wane ce, mai riƙe da magazar Alhaji. Nan take aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Na ji daɗin yadda sunan Baba ya buɗe mini ƙofa, har na riƙe shi a matsayin makullina a duk inda na je bayan haka. Suka gaya mini Alhaji yakan ba su taki da iri tun kafin shuka ba tare da sun biya ba, in amfani ya nuna su kai masa, wani lokaci ya biya nan take, wani lokaci sai ya sayar. Kai, abin ya ba ni sha'awa! Ashe manoman ma suna cikin masu ɗauke masa nauyi, shi ma yana ɗauke musu. Sai na ci gaba da zuba tambayoyi yadda aka koya mana. Ya taɓa jinkirta biyanku? Bana takin ya zo da yawa kamar na bara? In a ce bana ya kasa biya, wa za ku kai wa tattasanku? Na lura wani dattijo ya daina taunar goronsa yana kallona, amma na ɗauka tunanin amsa yake yi.

Daga nan na shiga kasuwa, na zauna da dillalan hatsi. Na samu wani direban da ke ɗauko wa Alhaji taki daga Katsina, na tambaye shi ko mai kayan na can yana karɓar kuɗi kafin a loda ko bayan an sayar, kuma ko ya taɓa hana kaya. Na je wurin wata ƙawata da ke koyon aiki a wani banki, na tambaye ta ko Alhaji ya taɓa neman rance aka hana shi. Ta ce ba ta sani ba, ko ta sani ma ba a faɗa, amma a tsaye muke a bakin ƙofa, mutane na shiga suna fita, kuma ni murya gare ni. Duk wannan yawo ban ji ko ɗar ba. Gani nake ina aikin ilimi.

Abin da ya kunna wutar a Tsibiri ya faru, a gidan wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu. Na shiga gaishe ta, hira ta kai mu ga karatuna, sai ta ce ai ita ma gadon da mijinta ya bar mata yana wurin Alhaji ajiya. Na ce ajiya kamar yaya? Ta ce ta kai masa ne kawai, yana juyawa, in kaka ta yi ya aiko mata da hatsi, in salla ta zo ya aiko da atamfa, in ta bukaci wani abu ta aika a kawo. Ta ce ba ita kaɗai ba ce, akwai zawarawa irinta, akwai malaman lakwal masu tara kuɗin Makka, akwai mahauta, akwai ma ma'aikatan da ba sa son danginsu su san suna da wani abu. Edita, na cika da murna. Ga amsar da Mushe ya daɗe yana nema, a bakin tsohuwar da nake wucewa ta ƙofar gidanta kullum! Na tambaye ta ko akwai takarda tsakaninsu. Ta yi dariya ta ce takardar me, ita da Alhaji? Sai na ce, to Inna, in Allah ya yi masa rasuwa gobe, ko kasuwa ta juya masa baya ya karye, me za ki riƙe? Wallahi don in sani na tambaya, ba don komai ba. Ta dube ni ta ce ko Babana ya faɗa mini wani abu ne? Na ce a'a, karatu ne kawai. Ta ce to. Na fita ina sauri in je in rubuta abin da na samo.

Ba a daɗe ba Baba ya fara dawowa gida ba ya cin tuwo. Inna ta tambaye shi, ya ce mutane ne ke ta zuwa zauren Alhaji, kowa ya gaisa sai ya ce wata bukata ta taso masa, a ba shi ajiyarsa. Washegari suka ƙaru. Manoman Jiratawa, waɗanda ba su taɓa kai tattasai wani wuri ba, suka fara sayar wa duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Mai takin Katsina ya aiko cewa ba za a loda mota ba sai ya ga kuɗinsa. Magana ta cika kasuwa cewa Alhaji ya karye, banki ma ya hana shi rance.

Har yau in na zauna ina mamakin yadda maganar ta yi tafiya. Ban faɗa wa kowa cewa Alhaji yana cikin matsala ba, ban ma yi zaton haka ba. Amma daga baya na bi sawun abin, na ga yadda mutane suka haɗa shi, kuma in don gaskiya ne lissafinsu bai da laifi. Ga yarinya ta karanta ilimin kuɗi. Ubanta ne ke riƙe da makullan magaza, shi ya san abin da ke ciki da abin da babu. Ta je Jiratawa tana tambayar wa za a kai wa kaya in Alhaji ya kasa biya, ta je banki, ta tare direba, ta tambayi tsohuwa me za ta riƙe in ya karye. Wa zai yarda cewa don a ba ta maki take wannan wahala? Dattijon Jiratawa ya faɗa wa ɗan'uwansa dillali, dillalin ya ce ai shi ma ta zo masa, direban ya kai maganar Katsina, tsohuwar ta faɗa wa ƴan'uwanta zawarawa a gidan suna. Kowa yana da guntu, da aka haɗa guntayen sai suka yi daidai da juna. Wasu har cewa suka yi Baba ne ya turo ni, yana neman ya san inda zai sa ƙafa kafin gini ya rushe.

Ranar da na gane ni ce sanadi, na fasa zuwa darasi na tafi unguwar su Alhaji, na tsaya daga nesa. Mutane ne zaune a ƙofar gida har bakin titi, mata da lulluɓi a gefe guda, maza a gefe guda, ba hayaniya, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa. Zan faɗi wani abu da nake jin kunyarsa. Can ƙasan raina akwai wata murya da ke cewa, duba, ga jarin nan zaune a kan tabarmi, ga shi da idonki. Ko a wannan hali son sanin bai sake ni ba.

Alhaji bai ce wa ko mutum ɗaya ya dawo gobe ba. Duk wanda ya zo sai a ba shi ruwa, a tambayi iyalinsa, a miƙa masa abinsa, a yi masa godiyar amana. Baba ya ce mini, da a ce Alhaji ya ce wa mutum ɗaya ya yi haƙuri zuwa jibi, da shi ke nan, an gama da shi har abada. Amma kuɗin mutane ba a akwati suke ba, suna cikin taki da hatsi da motoci a kan hanya. Don ya biya kowa a kan lokaci sai da ya sayar da abin da zai samu mai saye nan take. Ya sayar da babbar mota guda, ya sayar da fili, ya sayar da magazar Baba da kayan da ke cikinta, don ita ce a bakin kasuwa, ita kowa ke so.

Da ƙura ta lafa, mutane suka ga ba wanda ya rasa ko dala, wasu har suka fara dawo da ajiyarsu suna sunkuyar da kai, sai Alhaji ya aiko a kira ni da Baba. Na tafi ina jiran zagi, na ma fi son a zage ni. Muka same shi shi kaɗai a zaure. Baba ya ajiye makullan magaza a kan tabarma a gabansa, bai ɗago kai ba. Alhaji ya dube ni ya ce ɗiyata, fito da alƙalaminki, yau zan ba ki amsar da kika zo nema. Na ce Baba Alhaji, don Allah ka yafe mini. Ya ce in rubuta tukuna.

Ya ce banki ba maƙiyinsa ba ne, yana ajiya a can, yana aika kuɗi ta can, amma rance ne ba ya ɗauka. Na farko yana tsoron kuɗin ruwa tsakaninsa da Allah. Ban da haka banki sai ya karɓi takardar gidan da iyalinka ke kwana a ciki, kuma sai ka baje masa cikinka gaba ɗaya a rubuce, shi kuwa bai san hannun da takarda za ta faɗa ba bayan ta bar nasa. Abin da ya fi duka, in ji shi, banki rana yake sa maka, kuma ranar ba ta san an rufe iyaka ba, ba ta san naira ta faɗi ba, ba ta san tsutsa ta shiga tattasai ba. Mai ajiya kuwa, da manomi, da mai kayan Katsina, za su jira ka shekara in dai hankalinsu a kwance yake. Ya ce don haka shi abin da yake juyawa kwanciyar hankalin mutane ne, kuma ba a tambaya a kansa, don tambayar kanta ita ke tayar da shi. Ya ce shi ma yana da laifi da ya mai da ni abin dariya ranar da na zo, da ya zaunar da ni ya yi mini bayani da ba a kai nan ba. Ina rubutu hawaye na ɗiga a kan takardar. Sannan ya juya ga Baba ya ce alkawari yana nan, a yi haƙuri har kasuwa ta miƙe, kafin nan ya je ya zauna a wata magazar tare da wanda ke riƙe da ita. Baba ya yi godiya, ya ce a ba shi izini ya koma Tsibiri ya huta. Na san dalilinsa. Wanda ke riƙe da waccan magazar, Baba ne ya koya masa ɗaurin buhu, kuma a kasuwa har lokacin akwai masu nuna Baba da baki.

Da Mushe ya ji abin da ya faru, ya cire gilashinsa. Bai tuna mini cewa ya gargaɗe ni ba. Ya ajiye aikinsa ya sa na raka shi gidan Alhaji, ya tuɓe takalmi ya ba da haƙuri a matsayinsa na malamina, ya ce in Alhaji ya so za a canza mini batu. Alhaji ya ce a'a, a bar ni in rubuta, a dai ɓoye suna, tunda an riga an biya kuɗin karatun da tsada.

Ranar da na kare kundina a gaban malamai, ɗakin ya cika da ƴan ajinmu da dangi, Inna ta yo abinci a manyan kwanoni kamar ranar biki. Malaman suka yi ta yaba aikin, babbansu ya ce ya daɗe bai karanta kundin da ya koya masa sabon abu irin wannan ba. Aka ba ni maki mai yawa, aka yi ta tafi, ana ɗaukar hoto. Baba yana can kujerar baya cikin rigarsa ta Juma'a. Ba ya jin Faransanci, in ya ga an tafa sai shi ma ya tafa. A hanyar Tsibiri ina bayansa a babur ya tambaye ni me na faɗa da ya sa suke ta tafi haka. Na yi masa bayani da Hausa. Ya ce to kin dai samu amsar da kike nema ko? Na ce na samu, Baba. Ya ce alhamdu lillahi, ba a yi asarar banza ba ke nan. Har yau bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya ne, da na fi samun sauƙi.

Kasuwar Alhaji ta ci gaba, amma ba ta koma girmanta na da ba, shi kansa tsufa ya kama shi, ƴaƴansa ne ke juya abin yanzu. Alkawarin yana nan a baki, ba wanda ya ce an fasa, ba kuma wanda ya sake tayar da shi. Ni na samu aiki, ina ɗaukar nauyin gida gwargwadon ƙarfina, amma na san abin da Baba ya rasa ba abinci ba ne. So yake a ce wane mai magaza, ko na shekara ɗaya ne, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe ƙofar wani.

Abin da na koya shi ne tambaya ma aiki ce, tana da nauyi, kuma nauyinta ya danganta da bakin da ta fito. Da baƙuwa ce ta yi yawon da na yi, da an yi mata dariya an ba ta lemo. Ni da sunan Babana na shiga ko'ina, don haka duk abin da na tambaya da muryarsa aka ji shi. Ban daina son sani ba, kuma ba na ce wa kowa ya daina. Amma ina kira ga ƙannena ɗalibai, musamman masu bincike a kan kasuwa da dukiyar mutane, kafin ku buɗe baki ku tsaya ku duba sunan wa kuka ɗauko, kuma wa zai kwana da tambayarku bayan kun tafi. In malami ya ba ku shawara ku ɗauke ta duka, kada ku zaɓi rabin da ya yi muku daɗi. Malamai kuma ku riƙa bin sawun inda ɗalibanku ke zuwa. Iyaye, in kun ce wa yaro ba a yi, don Allah ku daure ku faɗa masa dalili, wani yaron dalilin ne kaɗai ke tsayar da shi.

Babana yanzu yana da ɗan tebur a kasuwar Tsibiri, yana sayar da iri da taki a ƙananan ledoji. Da hannunsa ya shafe teburin da shuɗin fentin nan, ya yi kyau ƙwarai, daga nesa ake hango shi. Fentin bai ƙare ba, don tebur bai kai ƙyauren magaza faɗi ba. Sauran yana nan a bayan ƙofar ɗakinsa, kuma ya hana Inna ta zubar.